Injin da Ya Yi Tari a Tsakiyar Kwara

Shekarar da aka rufe gidajen kallo a garinmu saboda Shari'a, hoto mai motsi ɗaya ya rage a unguwarmu, kuma a ɗakina yake: wata tsohuwar kwamfuta da makaranta ta ba ni ajiya don rufin ofis yana yoyo. Kimiyya nake koyarwa a Bagudo. Wani ɗan kasuwa ya kawo mini faifai daga tsallaken iyakar Benin, wasan tuƙa jiragen yaƙi masu farfela na yaƙin duniya na biyu. Rubutunsa duk Faransanci ne, nawa Faransancin kuwa iyakarsa gaisuwa.

Waɗanda suka tsara wasan ba su san sassauci ba. Ka murɗe totur gaba ɗaya tun kana ƙasa, farfela ta fizgi jirgin hagu, ka tsinci kanka cikin ciyawa. Ka matsa wa inji a sama, allurar zafi ta haye, baƙin mai ya fantsamo a gilashi. Dokokin kimiyyar da ke bayan duk wannan na san su, har zana su nake yi a allo. Sati uku jirgina bai bar ƙasa ba.

Yayana direban kwalekwale mai inji ne, yana tsallakar da 'yan kasuwa a kogin Kwara. A daminar nan injin ya mutu masa a tsakiyar ruwa, jirgin ya kife, mata biyu ba su fito ba. Ba wanda ya tuhume shi. Dangin matan da kansu suka ce kwana ne ya ƙare. Aka tsamo injin, aka jingine shi a zaure, aka rufa masa buhu. Yaya bai ƙara zuwa bakin ruwa ba. In an ajiye abinci ya ci, in an kira salla ya tashi. Wani mutumin tsallake ya aiko cewa zai zo sayen injin ranar kasuwa. Inna ba ta so. Ta ce ranar da injin ya bar gidan nan, Yaya da kogi sun rabu ke nan, don haka in yi masa magana tunda ni na yi boko. Ban san me ake faɗa ba. Ni ma zuwa aji kawai nake yi in dawo.

Wata Asabar da hantsi an kawo wuta, ina fama da jirgina, sai ga shi a bakin ƙofa.

"Malam, wanga inji kashe shi kaka so?"

"Wasa ne, Yaya."

"Ko wasa na, ai shina kuka. Matsa."

Na miƙa masa sandar tuƙin. Injin kwalekwale, in kana son zuwa dama, hagu kake tura hannunsa, kuma shekara goma sha hannun Yaya yana kan wannan tarbiyya. Sau huɗu yana afkawa da jirgin cikin rumfar ajiye jirage.

"Waɗanne irin mutane na waɗanga? Ka tura dama, abu ya tahi dama?"

Sai ya koma faɗa wa hannunsa da baki inda zai tura, kamar mai kora jaki. Totur kuwa a hankali yake ƙara shi, ya karkatar da kai yana saurare, bai ko kalli alluran da nake haddacewa ba. Fizgar farfelar ma tun kafin ta zo ya tare ta. Ya ce kowace farfela tana da gefen da take ja, wannan ko mai wankin jirgi ya sani. Jirgin ya tashi sama. Bindigogi takwas ne a fukafukan, bai tambaye ni inda ake danna su ba.

Can sama ya dunƙufar da hancin jirgin farat ɗaya. Injin ya yi tari, ya ɗauke, sannan ya dawo.

"Mi ya sa?"

Na ce man da ke cikin kafireto ne yake tashi sama in jirgi ya faɗa da sauri, inji ya nema ya rasa. Ban taɓa yin bayanin da aka saurara haka ba. Ya sake dunƙufar da jirgin. Ya sake. Har aka ɗauke wuta abin da yake yi ke nan.

"Haka nawa yay yi," in ji shi, yana kallon baƙin gilashin kwamfutar. "Ruwa ya ɗaga mu ya sake mu, yay yi tari. Amma wanga shina dawowa."

Bayan azahar ya yaye buhun. Ya shimfiɗa tabarma ya warware injin ɗaya bayan ɗaya, fulogi, tiyo, kafireto, ya hura wannan, ya ɗaga wancan ga rana. Ina riƙe masa kwanon kusoshi. Bai sami komai ba sai ruwan da injin ya sha bayan ya nutse, wanda ba ya shaidar komai. Kwana biyu yana wankewa yana shanyawa. Ya ɗaura shi a bakin duro cike da ruwa, ja na biyu ya tashi, sumul. Inna ta fito daga madafa tana hamdala, ta dube ni kamar na yi wani abu.

Ranar kasuwa mutumin ya zo. Ya saurari injin, ya taɓa farfela, ya tambaya ko akwai aibin da ya kamata ya sani.

"Akwai," in ji Yaya. "Ya taɓa mutuwa sau guda, na bincika ban gane dalili ba. Ɗauki buhu da shi, ɗauki itace. Kak ka ɗauki mutane."

Mutumin ya ce to, irin to ɗin 'yan kasuwa. Ni na taya shi ɗaure injin a bayan babur, ƙafar farfelar ta leƙo gefe. Inna ba ta fito ba. Da kaka Yaya ya tafi Bahindi yankan shinkafa a gonar surukinsa, can ya zauna.