Shaida a Kan Suruki

Shekarar da muka tsige shugaban ƙungiyarmu ta kafintoci a Rigasa, ni na fi kowa ramewa, alhali ba ni ake tsigewa ba. Shugaban surukina ne, mahaifin matata. A shagonsa na koyi riƙe zarto kafin ya ba ni 'ya. Tun da aka ɗaura auren ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in na hango shi a layi kuwa tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, ko da a bakin kwata ne. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam, duk da ya san iyakar karatuna.

Ƙungiyarmu tana da doka guda da kowa ya haddace: ba a shigar da ita siyasa, kowa ya zaɓi wanda ransa ya so. Da zaɓe ya gabato sai Baba ya sha babbar riga wata Asabar, ya tafi gidan wani ɗan takara a unguwar Doka. Ya tsaya a tsakiyar falo ya ce ya kawo gaisuwar kafintocin Rigasa kaf, kuma ƙuri'unsu suna hannunsa. Aka yi masa tafi, aka ɗora masa hula mai hoton ɗan takarar. Babu wanda ya aike shi. Na san duk wannan ne saboda ni na kai shi a babur ɗina, ni kuma na riƙe masa tsohuwar hularsa lokacin da ake tafin.

Ɗan takarar bai iya riƙe baki ba. A taronsa na gaba ya ɗauki lasifika ya ce kafintocin Rigasa sun yi masa mubaya'a. Kafin la'asar shaguna sun ɗauka. Da aka tambayi Baba sai ya shafa gemu ya ce, "Ɗan siyasa ne, me ba zai faɗa ba?" Bai ce ya je ba, bai ce bai je ba. Baba gwani ne a irin wannan.

A lokacin kuwa ba abin da ake ji a rediyo sai tsigewa, yau ana tsige wannan, gobe ana barazanar tsige wancan, har kowane kafinta ya zama lauya. Mataimakin shugaba, wani Basakkwace dogo mai yin gadaje, wanda ya daɗe yana yi wa kujerar Baba kallon nama, shi ya kawo ƙudurin tsige Baba. Aka sa zama a rumfar ƙungiya, aka naɗa wani dattijo Bakano mai yin ƙofofi ya zama alƙali, don kunnensa ɗaya ba ya ji, aka ce rabin surutun zai wuce shi.

Zaman farko gaba ɗaya a kan abu guda ya ƙare: a kira shaida ko kada a kira. Mutanen Baba suka ce ba a taɓa yi ba, nan ƙungiya ce ba kotu ba, a ɗaga hannu kawai kowa ya koma bakin aikinsa. Sun san in hannu ne sun fi yawa. Mataimaki ya miƙe yana karkaɗa yatsa.

"Mi anka ɓoye? Wanda yag gani da idonai shi taho shi hwaɗi. Baba dai ba tashi sama ya yi ba zuwa Doka, wani yak kai shi."

Duk rumfar ta juyo ta dube ni. Ni kuwa na duƙufa ina cire wata ƙusa daga bencin da nake kai, kamar ita aka kira ni in gyara.

"Haba jama'a," in ji wani daga ɓangaren Baba, "ku ji tsoron Allah. Yaron da ko sunansa ba ya iya faɗa, shi za ku tsayar a gabansa?"

"To shi juya mai baya," in ji mataimaki. Wani ya ce a rataya tabarma a tsakaninmu. Wani ya ce in rubuta a takarda, aka ce rubutuna sai ni, ni ma sai da safe. Alƙali ya ce shi bai ji komai ba, a ɗage zuwa Juma'a mai zuwa, ranar za a kaɗa ƙuri'a a kan shaidar, kuma in an kira ta da rantsuwa za a yi.

Abin dariya ne ga kowa, ni kuwa tsoro ne tsagwaronsa. In na faɗi gaskiya, na tsige uban matata da bakina a gaban garin nan, ban san da wace fuska zan shiga gida ba. In na yi ƙarya, na rantse a kanta. Na gwada zazzaɓi, na lulluɓa kwana biyu, mataimaki ya zo dubiya da lemo ya ce in sha in warke kafin Juma'a. Na ce ina da aikin rufi a Katabu, ya ce ƙaninsa direba ne, zai ɗauko ni kyauta. Ban taɓa ganin mai ƙaunar lafiyata irinsa ba.

Matata kuwa ba ta ce mini yi ko bari ba. Sai dai ta ajiye mini tuwo ta ce, "Ka ci, Baban yara, masu ba da shaida suna bukatar ƙarfi." Ban san ko zolaya ba ce ko gargaɗi.

Daga ƙarshe na zaɓi ƙarya, ba na ɓoye wa kowa yanzu. Na tsara ta da kyau, na yi mata fenti: na kai Baba Doka gaskiya ne, amma awon ƙofa ya je yi, ni kuma a waje na tsaya ina gadin babur. Kullum da hantsi sai in zagaya bayan ɗaki in yi bita, har da inda zan yi tari da inda zan ce wallahi. Na manta tagar madafa tana kallon wurin.

Ranar Juma'a bayan la'asar rumfa ta cika, har masu walda da masu faci sun zo kallo. Aka kaɗa ƙuri'a a kan shaida. Wasu daga mutanen Baba ma suka ɗaga wa mataimaki hannu, ba don sun juya ba, sai don suna son su ga yadda zan yi. Masu cewa a kira suka yi rinjaye. Alƙali ya kira ni, aka miƙo buta in yi alwala. Na tuɓe takalmi, na fara wanke hannu.

"Ajiye butar nan, Malam."

Muryar Baba ce. Ya miƙe daga kujerarsa, ya gyara riga, bai dube ni ba.

"Ba sai an kira kowa ba. Na je, na faɗa, hular ma tana gida. Ban shawarci kowa ba, na yi kuskure. Ga kujerarku."

Alƙali ya ce a maimaita masa a ɗaya kunnen. Mataimaki, wanda ya kwana yana shirya mini tambayoyi, ya tsaya da takardarsa a hannu kamar wanda aka ƙwace wa kwano yana tsakiyar ci. Aka tsige Baba cikin minti biyar, 'yan kallo suka watse suna tsaki, an cuce su.

Ni kuwa daɗi ya kama ni, ba zan yi ƙarya ba, daɗi har da 'yar ƙwalla. Na ce a raina wannan bawan Allah ya sayar da kujerarsa don ya rufa mini asiri, ya hana ni tona shi a bainar jama'a. Washegari da safe na je shagonsa, na durƙusa a kan dusar katako, na yi ta godiya ina haɗawa da addu'a. Yana goge wani katako, bai ɗago ba har na gama.

"Malam, ba gaskiyarka na ji wa tsoro ba," ya ce. "Da ita za ka faɗa, da na zauna na saurara, in ma sa maka albarka. 'Yata ce ta zo ta ce kwana uku kana bayan ɗaki kana koyon rantsuwa a kan awon ƙofa. Kujera ana yin wata, ni na ƙera wannan ma. Amma ban ga yadda zan bar jikokina a gidan mutumin da ya rantse a kan ƙarya saboda ni ba."

Ya miƙo mini katakon ya ce in riƙe masa ɗaya gefen. Na riƙe, kaina a ƙasa, ya ci gaba da gugarsa.