Yau tsohuwar ta sauko

Ɗazu a kasuwar tufafi ta Shahe, nan ƙasar waje, na tarar da matar da nake sarin riguna a wurinta tana share hawaye, waya a hannu.

Na ce, "Laoban," haka ake kiran mai shago a yarensu, "lafiya dai?"

Ta nuna min bidiyon wata tsohuwa a keken guragu tana dariya a bakin titi.

Ta ce, "Maƙwabciyata ce, ta daɗe ba ta sauko daga bene ba. Ni wakiliya ce a majalisar gundumarmu. Na yi ta naci har muka amince a sa wa tsofaffin gidaje lif, na'urar hawa da sauka bene. Yau ta sauko."

Sai na tuna Hajiyarmu a Kano, da kwatar ƙofar gida da ta hana ta fita ko barka. Nan take na kira kansilanmu.

Ku fa, kun taɓa kai wa naku kuka?