Kyaftin Ɗin da Ba Ya Zama

Kawuna mai aski ne. Shekara goma ba wanda ya taɓa ganinsa zaune a shagonsa, ko abinci a tsaye yake ci. Wai koyi yake da kyaftin ɗin jirgin sararin samaniya na wani fim, wanda tsabar jarumta ta hana shi zama.

Sai masu fim ɗin suka fitar da littafin labarin kyaftin. Ashe basir ke damun bawan Allah.

Washegari abokan da Kawu ke kallon fim ɗin da su suka shigo shagon, kowa da filo a hannu.

"Zauna mana, Kyaftin!"

Kawu bai fasa wasa askarsa ba. "Ku da mura ke kwantarwa? Mutum ya ratsa taurari da basir! Ai yanzu ma na fara girmama shi."