Tafin Hannun Baba Mai Wufa

"Ni za ki ce wa in rufe shago? Kunne ne ya tafi, hannuna yana nan!"

Baba Mai Wufa ke nan yake yi wa babbar 'yarsa tsawa. Shekara talatin yana gyaran lasifika a layinmu, amma bana sai an ɗaga murya yake ji. A ranar, mai askin bakin titi ya aiko cewa wufar, wato babbar lasifikar da ya gyara masa, har yanzu zizza take yi.

"Baba, kunya nake guje maka," in ji 'yar. "Yau mai aski, gobe wani. Ka huta haka nan."

"Biyo ni. In laifina ne, ga makulli, ki rufe da hannunki."

Na bi su, don ni ma can zan yi aski.

A shagon askin, Baba ya sa aka kashe waƙa da fanka. Ya jona wayarsa da wufar, ya saki wani amo mai kauri, babu kiɗa babu murya, irin gurnanin babbar mota daga nesa. Ya riƙa ƙara masa kauri har muka fara jin sa a ƙirji. Sai ga zizzar ta taso.

"Ka ji ko, Baba?" in ji mai aski. "Au, na manta."

"Yi dariyarka, ɗan nema. Kai da kunne biyu me ka gano?"

Ya ɗora tafin hannu a kan akwatin wufar, ya lumshe ido. Ya girgiza kai. Ya taɓa bango, ya taɓa ƙofa, ya shafa kantar da ake ajiye almakashi. Da ya kai kan babban madubi sai ya tsaya, ya danna gefensa da yatsa biyu. Zizzar ta ɗauke ɗif. Ya saki, ta dawo.

Ashe ƙusa ɗaya ce ta madubin ta saki. Ya yagi kwalin reza, ya ninka, ya cusa a bayan madubin.

Mai aski ya hau sosa ƙeya. 'Yar ta miƙo wa Baba makullin.

"Riƙe, je ki buɗe min shago," in ji Baba. "Telan can ma ya ce tasa tana tari."

Ya naɗe wayar jonawa a hannu, ya tsallaka titi.