Ranar da Muka Haska Ruwan Kududdufi a Bango

Har gobe ban manta da ranar da muka tara direbobin tashar iyaka a cikin sito ba. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, ina duba-gari a Jibiya, wato ma'aikacin lafiya mai lura da tsabtar ruwa da abinci.

Damuwarmu a shekarar ita ce kurkunu. Direbobi da 'yan dakon da ke zuwa daga Maraɗi duk a wani kududdufi na bayan tasha suke sha. Mun raba musu ƙyallen tace ruwa, sai muka tarar suna ɗaure goro da shi. Shugaban sashenmu ya ce in rani ya fita ba su canza ba, za a killace kududdufin, alhali babu wani ruwa kusa.

Shugaban direbobin, Alhaji Illa, ya ce mini, "Malam Sada, ruwan ga garai shike. Launi bai sake ba, ba shi wari. Mi za mu tace?"

Ba mu da madubin likita a ofis. Na kai kuka wurin abokina Malam Sabi'u, mai koyar da kimiyya a sakandare. Ya sa na sayo 'yar fitilar leza, irin ta jikin makulli da 'yan tireda ke sayarwa, ya nuna mini dabarar. Za a zuƙi ruwa a sirinji, a kafe shi baki ƙasa, a matso ɗigo ɗaya ya tsaya yana reto. In hasken ya ratsa ɗigon, inuwar abin da ke ciki za ta fito a bango da girma.

Bayan azahar muka rufe tagogin siton. Ɗigon ya yi ta faɗuwa, hasken na kauce masa, ana ta dariya. Sai da na ɗaure fitilar jikin kujera sannan bango ya yi ja. Can wani abu mai ƙahoni ya gitta yana tsalle, girmansa ya kai ɗan akuya. Wani ƙaton ɗan dako ya yi salati ya nufi ƙofa.

Na ce irin wannan ƙwaron ne ke ɗauke da kurkunu. Alhaji Illa ya ce siddabaru ne. Ya fita da kansa ya ɗauko jarkar da ke cikin motarsa, ya ce, "Gwada wanga." Muka gwada ruwan jarkar, ƙwarin suka fito har da masu juyawa kamar katantanwa. Sai ya kwance goronsa, ya wanke ƙyallen, ya tace ruwan da hannunsa. Muka sake haskawa sau da yawa, mai ƙahonin bai fito ba.

Limamin tasha ya ce, "Alwalarku ta yi, amma cikinku amana ne."

Ba a killace kududdufin ba. Direbobi suka kafa randa da ƙyalle a bakinta, Alhaji kuma ya karɓe fitilata, wai sai mutanen gidansa sun gani.

Ku matasan da ke shigowa aikin nan, ku daina kiran mutane masu taurin kai. Wanda ba ya sayen taya sai ya ƙwanƙwasa, ba zai karɓi maganarku ba sai kun ba shi abin da zai gwada da hannunsa.