Malamin Cikin Waya

Motar nan mai kwamfuta da aka kawo mana gyara ta tashi a garejina! Salamu alaikum, jama'a.

Na gaji da ganin sababbin motoci suna wuce mu zuwa Kano, sai na shiga koyon gyaransu ta intanet tare da ma'aikatana. Mu 'yan yaƙi da jahilci ba ma tashi malami yana magana. Haka nake zama gaban waya har bayana ya ƙage.

Jikana Sani, babban makanikena, ya ce, "Tsoho, ai ana iya tsayar da bidiyon. Tashi ka miƙe ƙafa."

Na ce, "In katse malami? Marar kunya kawai!"

Jiki duk ya mutu, ido na yaji, amma alhamdulillahi. Ku zo ku gani kafin mai ita ya ɗauke abarsa.