Takardar da Baba Ya Ɗinke

Tun ina ƙarama na san bayan Baba. In damina ta sauka sanyi ya shiga jikinsa, ni yake kira in shafa masa man zafi, yatsuna suna hawa suna sauka a kan layukan da bulala ta bari. Baduku ne, rumfarsa a ƙofar gidanmu a Ƙofar Marusa, kuma irin mutanen nan ne da sai ka yi musu tambaya uku kafin su amsa ɗaya. Labarin tabon a bakin Inna na ji shi.

Zamanin siyasar farko ne, kafin a haife ni, suna can ƙauyenmu na asali. Yayan Baba, wanda muke kira Baffa, ya hau tebur ranar kasuwa ya yi lacca babu izini, ya caccaki masu karɓar haraji. Da 'yan doka suka zo da sammaci, kakanmu ya dubi 'ya'yansa biyu. Babban shi ke awon gyaɗa, shi ke riƙe da gidan, ga ƙananan 'ya'ya. Ƙaramin ko aure bai yi ba. Sai ya ce wa Baba ya tashi ya amsa. Baba ya tashi ya amsa sunan yayansa. Kowa a garin ya san ba shi ba ne, har alƙalin, amma su bukatarsu a doki wani daga gidan nan. Aka yi masa bulala goma sha biyu, aka ɗaure shi wata shida.

Shekarar da soja suka fara mayar wa farar hula mulki, ina koyarwa a firamare, ban daɗe da aure ba. Baffa ya zama Alhaji, ya gina soro a Ƙofar Durbi, ya fito takarar majalisa. Jarinsa guda ɗaya ne, wai ya sha ɗauri saboda talaka. Motar lasifika tana zagaya unguwanni tana yi masa kirari da gwarzon da bulala ba ta tanƙwara ba. Mutumin da ko ƙaya ta soke shi sai an kira wanzami! Motar takan bi ta gaban rumfar Baba, shi kuwa ko kai ba ya ɗagawa daga fatar da yake gyara wa baki.

Da abin ya tsaya nan, da na haɗiye. Amma mutanen unguwa sun daɗe da jin ƙishin-ƙishin cewa Baba ya taɓa zaman gidan yari, sai suka fara lissafin ko sata ce ta kai shi. A gidan suna wata maƙwabciyarmu ta dube ni a tsakiyar mata ta ce, "To ke malama, in Alhaji aka ɗamre don siyasa, shi babanki mi ya kai shi? Allah dai ya ruhwa asiri." Matan wurin kowa ta shiga gyaran mayafi. Ba a yi mako biyu ba dattawan unguwa suka zo suka karɓi makullin ɗakin kayan masallaci daga hannun Baba, makullin da yake riƙe da shi tun ban san kaina ba. Wai don ya huta. Ya zare shi daga aljihu ya miƙa, har da yi musu godiya. Ni ce na yi kukan.

Na ƙudura sai na nemo takarda. Na fara da kotu a cikin birni. Magatakarda ya saurare ni yana sakace, ya ce littattafan kotunan En'e na ƙauyuka ba a taɓa kawo su ba, in gwada ofishin gidan yari. Can aka bar ni a kan benci har azahar, sannan wani gandiroba ya ce tsofaffin rajista an kwashe su tuntuni, wasu na cewa an kai su Kaduna, wasu na cewa gara ta cinye su. Ya ƙara da tambayata ko mijina ya san na zo. Na ce ya sani, shi ya ba ni kuɗin mota, in akwai sauran tambaya a yi.

Ranar Asabar na shiga motar kasuwa zuwa ƙauyenmu. Tsohuwar kotun ta zama ɗakin ajiyar takin zamani. Sabon alƙalin baƙo ne, bai san komai ba, amma masinjansa ya ce in je wajen tsohon muhuti, wato malamin da ke rubuta shari'a a wancan zamani. Ashe da aka tashi kotun babu wanda ya nemi littattafan, shi kuma ya ƙi barin su ga ɓera, ya kwashe ya zuba a adaka a ɗakinsa.

Na same shi a zaure, ido ya fara rauni. Muka gaisa har gaisuwar ta gaji, ya tambayi birni da mutanen birni, sannan ya ce, "Ɗiyar wa?" Na faɗa masa.

"Ɗiyar ƙaramin," in ji shi. "Zamna, ɗiyata. Na san abin da ya taho da ke."

Ya sa aka jawo adakar. Littattafai ne masu baƙin bango, rubutun ajami, gefensu duk ya ci. Ya daɗe yana buɗawa yana kai su kusa da fuska kafin ya dafa wani shafi ya karanta mini. Sunan Baffa ne, da laifinsa, da hukuncinsa. Sunan Baba babu shi ko'ina. Na ji kamar in kifa adakar. Ashe na yi wannan tafiya duk don in samo wa Baffa shaida.

"Dakata," ya ce. "Duba nan, gehe."

A gefen shafin akwai wani ɗan rubutu ƙanana. Ya ce al'adar aikinsu ce, in za a miƙa mutum ga yari sai a rubuta kamanninsa, don kada a musanya shi a hanya. Ya karanta: dogo, baƙi, ƙaramin yatsan hannun hagu guntu ne. Yatsan Baba ke nan, lauje ya cire masa kansa yana yaro. Baffa gajere ne, yatsunsa goma cif, har da zobba.

"Alƙali ya ce in rubuta suna, na rubuta," in ji tsohon. "Amma abin da idona ya gani ma na rubuta. Ni ma za a tambaye ni gobe ƙiyama."

Bai yarda in tafi da littafin ba. Ya ɗauko tawada da alƙalami ya kwafe shafin kaf a farar takarda, har da na gefen, ya sa hannu a ƙasa. Na dawo birni ina ji kamar ni aka zaɓa. A cikin mota har na shirya yadda zan fara da gidan maƙwabciyar nan, in wuce wajen dattawan masallaci.

Baba na samu a rumfa da la'asar. Na durƙusa na miƙa masa. Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi, ya kai ƙarshe ya koma farko. Ya ɗaga hannun hagunsa ya dubi yatsan.

"Ashe an rubuta," ya ce.

"An rubuta, Baba. Gobe kowa zai sani."

Ya ninke takardar, ya sake ninkewa har ta koma kamar ɗan akwatin ashana. Ya yanko jar fata, ya ɗauki basilla, ina kallo ya ɗinke ta ciki kamar laya, ɗinki matsattse irin wanda yake yi wa manyan malamai. Ya miƙo mini.

"Ga shaidarki, ki aje. Mahaihinmu ya ce in amsa, na amsa. Ba ni tona yayana gaban jama'a, kuma ban yarda ki tona shi ba, ko ina raye ko ba ni."

Na ce, "Baba, ɓarawo fa suke ce maka."

"Na ji su," ya ce, ya koma kan aikinsa.

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji haushinsa ranar ba, kuma har yau da na tsufa bai gama fita ba. Ana yabon irin wannan haƙuri a wa'azi, amma masu yabon ba su ne suke zama a gidan suna ana gyara mayafi ba.

Baffa ya ci zaɓe. Makullin masallaci bai dawo ba. Baba ya ci gaba da sallarsa a sahun baya har shekarar da soja suka sake karɓe mulki, a cikinta ya rasu. Baffa, da yake shi ne babba, shi ya shiga wankan gawa. Na tsaya a tsakar gida ina jiran fitowarsa, don na san dole ya juya ƙanensa, dole hannunsa ya bi ta kan layukan nan goma sha biyu. Na ce a raina yau kam zai faɗa, ko da a gaban mutum biyu ne.

Ya fito hannun rigarsa a jiƙe, idonsa ja. Ya yafuto ni gefe, ya sassauta murya.

"Ɗiyata," ya ce, "takardar nan da aka ce kin amso a ƙauye, tana hannun wa?"